Kwandalar da Ta Fito Daga Gobara

Tun farkon damina Baba Sikeli ya daina saka maɓallin wuyan rigarsa. Mutum ne da bai taɓa fita da wuya a buɗe ba, kome zafin gari, amma duk layin babu wanda ya kula. Mai aski da ke maƙwabtaka da shagonsa ya ɗauka tsufa ne ya fara sassauta shi. Matarsa ta ɗauka wuyan rigar ne ya matse. Gaskiyar magana kuwa, in ya kama maɓallin nan da yatsu biyu ba ya jin ya kama komai. Sai ya tsaya gaban madubi yana kallon yatsun suna ta fama kamar na wani aka ara masa, har ya gaji ya ƙyale su.

Sunan ya samo shi ne daga ɗan sikelin tagulla da ke kan kantarsa, mai faranti biyu kamar murfin gwangwanin madara, wanda yake auna azurfa da shi. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. In ya miƙa hannun dama ya taɓa bango, in ya miƙa na hagu ya taɓa ɗayan. A gabansa akwai akwatin gilashi da ya tsage a kusurwa aka liƙe da salatif. A ciki akwai zobba, da cokula, da 'yan kunne da suka rabu da 'yan'uwansu, da tsofaffin kwandaloli a jere a kan wani jan ƙyalle da rana ta koɗar. Aikinsa shi ne a kawo masa abu ya faɗi ko azurfa ce ko ba ita ba ce. In kwandala ce ya faɗi ta wane zamani ce da abin da za ta yi a kasuwa. Wani lokaci ya saya, wani lokaci ya karɓi ɗan ladan dubawa, sau da yawa kuma abin da yake samu bai wuce "Allah ya saka da alheri" ba.

Yana saurayi ya koyi aikin a wurin maigidansa, wani mai gyaran agogo da ke sayen tsohuwar azurfa a gefe. Maigidan yakan zuba kwandaloli a kwano, na gaske da na jabu, ya ɗaure masa ido da tsumma ya ce ya ware. In ya yi kuskure babu duka babu zagi, sai dai a sake zubawa. Yakan ce ido ana ruɗarsa, kunne ma ana ruɗarsa, amma yatsa ba ya karɓar cin hanci. A haka ya gane azurfa tana da wani santsi mai nauyi, kuma tana ɗaukar ɗumin hannu da wuri. Dalma maiƙo-maiƙo take. Tagulla kuwa kome wankin da aka yi mata tana da kaushi a ɓoye.

Akwai magagari rataye a ƙusa a bangon shagon. Da shi ake kartar gefen abu a ɗiga ruwan gwaji a kan raunin, in wurin ya yi ja to azurfa ce. Maigidan ya yarda a karci cokali ko cikin zobe in dole ta kama, amma ban da kwandala. Ya ce kwandala fuska gare ta, kuma wanda ya iya aiki ba ya yi wa fuska tabo don ya san sunan mai ita. Da maigidan ya rasu, Baba Sikeli ya gaji shagon da sikelin da magagarin da wannan doka. Ya haura shekara arba'in a wurin bai taɓa yi wa kwandala rauni ba. Iyakar abin alfaharinsa ke nan a duniya, kuma bai cika faɗa ba.

Da wannan ɗan shago ya yi aure, ya biya haya, ya sa yara makaranta. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Mazan sun girma sun watsu neman nasu. Autar ce ta rage kusa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Ita ta ja shi wurin likita da ta ga yana tafiya kamar mai taka auduga. Likita ya ce suga ne ya taɓa jijiyoyi, yakan fara da ƙafa. Baba Sikeli ya amsa maganar ƙafar, ya ɓoye ta hannu.

Tun daga nan Uwata ta sa shi gaba. Akwai wani mai sayar da wayoyi da ya daɗe yana zawarcin shagon, ya ce zai biya kuɗin katako da akwatin gilashi ya karɓi hayar, mai benen ma ya yarda. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta tayar da zancen.

"Baba, ka huta haka nan. Wa ka gani yana kawo tsohon kuɗi yanzu?"

"Masu kawowa suna kawowa."

"To sai yaushe?"

"Sai ranar da na kasa."

Ita ta ɗauka kau da zance ne irin na tsofaffi. Shi kuwa da gaske yake. Ya riga ya yanke wa kansa cewa ranar da aka ɗora masa kwandala a hannu ya kasa cewa ga abin da take, ranar zai miƙa makulli. Watanni suka shuɗe ranar ba ta zo ba, don ido da kunne da sikeli sun yi ta rufa masa asiri. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne bai ji tsoro ba. Ya zaci zai ji. Sai ya zama kamar abin da ya ci yatsun ya bi ta hannu ya gangara har ƙirji. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, yana dariya inda ake dariya, amma duk kamar ta bayan gilashi.

Ranar da abin ya faru da safe, ya tarar da mai aski yana kaɗe tawul a ƙofa.

"Alƙalin ƙarfe, an fito?"

"An fito, mahaucin kunne. Yau na wa za ka rage?"

"Naka nake jira. Wannan gashin da ke leƙowa daga ciki, in ka bari ya ƙara tsuntsu zai yi sheƙa."

"Gara tsuntsu da kai. Shi ba ya karɓar kuɗi."

Haka suke tun gashin kansu yana baƙi. Ya buɗe kwaɗo yana kallon hannunsa don kada makullin ya suɓuce, ya goge gilashin, ya daidaita sikelin, ya zauna.

Da hantsi wata mata ta tsaya a bakin shagon. Za ta yi shekara arba'in. A ƙarƙashin mayafinta ana ganin farar rigar aiki irin ta masu dafa abinci a makaranta, hannuwanta kuma suna ƙanshin albasa. Ta tsaya tana duban akwatin gilashin kamar mai neman wani da ta sani a cikin taro.

"Baba, sannu da aiki. An ce kai ne kake duba tsohon kuɗi."

"Ni ne, 'yata. Zauna. Kujerar ƙafa uku da rabi gare ta, ki jingina da bango."

Ta zauna, ta kwance wani ƙulli a bakin hankici, ta ajiye abin da ke ciki a kan kanta. Ba don zagayensa ba, da sai a ce guntun gawayi ne. Kwandala ce babba, baƙa ƙirin. Akwai huda a samanta inda aka taɓa zura zare, gefe ɗaya ya lanƙwashe, kuma daga lanƙwasar wata siririyar tsaga ta shiga ciki.

Ta ba shi labarin ba tare da muryarta ta hau ko ta sauka ba, kamar mai faɗin kayan cefane. Wutar lantarki ce ta kama ɗakin mahaifiyarta. Tsohuwar ta fita da ranta da zanen jikinta, rufin ya rufta a kan sauran. Da suka zo tonon toka suka sami wannan a cikin wani gwangwani da ya narke ya manne da ita. Inna ta gaje ta ne daga kakarta. Ta yi shekaru tana rataye da ita a wuya, da zaren ya tsinke ta adana.

"Yanzu tana ɗakina, ita da yara a ƙasa. Ta ce a kawo wannan, zai yi mata rufi. Yayana ya ce dalma ce, kada in ba kaina kunya a kasuwa. Kafinta kuma ya ce in ba a rufa da wuri ba ruwa zai cinye bangon, sai an sake gini. Kullum da safe kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, an kai?"

"Yau dai an kawo," in ji Baba Sikeli.

Ya jawo fitila, ya maƙala ɗan madubinsa na ido ɗaya, ya sunkuya. A ƙarƙashin baƙin hayaƙin ya hango inuwar kan wani sarki na wata ƙasa mai nisa, hanci ya shafe, kunne ya shafe, sai gemu da 'yan haruffa a gefe. Ya san irinta. An yi shekaru ana buga ta, kuma yawancinsu ba su da wuyar samu, kuɗinsu bai wuce na nauyin azurfarsu ba. Amma akwai shekara guda da aka buga kaɗan, wadda lambarta ta ƙare da tara. Masu tara tsofaffin kuɗi suna neman wannan ido rufe, ko da huda, ko da ƙuna. Ya kuma san an yi na jabu da yawa, dalma da tagulla da aka yi wa wankin azurfa.

Ya gangaro da madubin ƙasan kwandalar inda shekara take. Lambobi uku na farko sun fito. Ta huɗun tana daf da lanƙwasar, kuma narkakken fentin gwangwani ya bushe a kanta kamar ɓawon gyambo.

Ya gaya mata haka dalla-dalla. Abu biyu ake nema. Na farko, azurfa ce ko ba ita ba ce. Na biyu, lambar ƙarshe. In tara ce, rufi ya samu har da ƙofa. In wata ce, kwanon rufi biyu ko uku.

"To," ta ce.

Ya kanga wa kwandalar maganaɗisu, bai kama ba. Wannan bai ce komai ba, dalma ma ba ta kamawa. Ya ɗora ta a sikeli. Ta yi ƙasa da yadda ya kamata, amma huda ta ci, sawa a wuya ya ci, fenti kuma ya ƙara, don haka sikelin ma bai ba da shaida ba. Ya ɗora ta a kan farce ya ƙwanƙwasa da wata kwandalar. Lafiyayyar azurfa takan yi wani dogon amo siriri da ke daɗewa a kunne. Wannan ta ce ƙwas, ta yi shiru. Tsagaggiyar kwandala ba ta amo ko da ta gaske ce.

Saura hannu.

Ya ɗauke ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza bayanta inda baƙin ya ɗan goge, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Ya jira. Yana jin ƙarar injin askin maƙwabcinsa, yana jin takun masu hawa bene a saman kansa, yana jin numfashin matar. A yatsunsa babu komai. Ba santsi, ba kaushi, ba sanyi, ba ɗumi. Sai da ya buɗe ido ya tabbatar kwandalar tana hannunsa ba ta faɗi ba. Ya yi kamar zai sosa fuska ya taɓa kwandalar a kuncinsa. Ya ji sanyi. Amma kunci bai yi makaranta ba, ƙarfe duk ƙarfe ne a wurinsa.

Akwai abin da ya kamata ya yi, kuma ya san shi. Shi ne ya ce ta bar ta a jiƙe a mai na 'yan kwanaki fentin ya saki da kansa. Ko ya tura ta can bakin babban titi wurin masu sayar da gwal, suna da na'ura da ke faɗin ƙarfe ba tare da an taɓa shi ba. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya ga in ya faɗe ta, ranar da ya ce wa Uwata ce ta zo, a gaban baƙuwa, da hantsi, ba ko sallama.

"Baba, da matsala ne?"

"Babu. Wuta ta rufe mata baki ne. Zan ɗan karci gefe, nan inda ta riga ta lalace. Ba zai fi ƙwayar gero ba."

"Kai ka san aikinka."

Ya miƙa hannu ya sauko da magagarin daga ƙusa. Ya shimfiɗa jarida. Ya danne kwandalar da babban yatsan hagu, ya saita haƙoran magagarin a bakin lanƙwasar. Ja ɗaya ake yi, mara nauyi, kamar mai share ƙura daga ido. Amma nauyin hannu a yatsa ake jinsa. Ya danna yana zaton bai danna ba. Magagarin ya ci gefen, ya zame a kan lanƙwasar, ya haye fuskar kwandalar da wata ƙara kamar an ja kujera a siminti.

Wani farin layi mai faɗi ya bayyana a cikin baƙin, yana ƙyalli.

Ya ajiye magagarin a hankali. Hannunsa ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Ya buɗe 'yar kwalbar ruwan gwaji, ya ɗiga a kan layin. Suka sunkuya su biyu. Ɗigon ya tsaya, ya yi duhu, ya koma ja.

"Azurfa ce," ya ce.

"Baba, jini."

"Ba jini ba ne, 'yata, haka ruwan yake yi."

"A'a. Hannunka."

Ya duba. Magagarin da ya wuce kwandalar bai tsaya ba, ya tafi da fatar gefen babban yatsansa. Jini ya gangaro ya bi tafin hannu yana ɗiga a kan jaridar, har ya yi ɗan tabki a kan hoton wani mai tallan katifa. Ya tsaya yana kallo kamar yadda ake kallon famfon maƙwabci yana yoyo.

Matar ta leƙa waje ta kira mai aski. Ya shigo da auduga da kwalbar sifirit, bakinsa na gaba.

"Yau ga ranar da nake jira. Alƙali ya yanke wa kansa hukunci. Kawo nan, ka ce ni ne mahauci." Ya kama hannun, ya jiƙa auduga sharkaf. "Ki toshe kunne, baiwar Allah. Wannan tsohon in reza ta shafe shi har masu bene sai sun leƙo."

Ya danna audugar a kan ciwon. Baba Sikeli bai motsa ba. Mai aski ya ɗago ya dube shi, ya ƙara zuba sifirit kai tsaye daga kwalba. Ko ƙifta ido bai yi ba. Mai aski ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya fasa. Ya naɗe yatsan da bandeji a hankali, ya ƙulle, ya riƙe hannun ya ɗan daɗe fiye da yadda aikin yake bukata.

"Tun yaushe?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"An kwana biyu."

Mai aski bai koma shagonsa ba, ko da yake ya bar mutum da rabin kai a kujera. Ya jingina da ƙofa.

Baba Sikeli ya goge kwandalar da tsumma, ya mayar da madubin idonsa. Ya riga ya san abin da zai gani, amma ya duba. Magagarin ya kankare fentin da ya rufe lambar ƙarshe, ya kuma kankare abin da ke ƙarƙashin fentin. Daga sama wani ɗan zagaye ya rage, a rufe, tsaf. Daga tsakiya zuwa ƙasa babu komai sai farin ƙarfe mai layi-layi. Tara tana da wannan zagaye a sama. Takwas ma tana da shi.

Ya cire madubin ya ajiye.

"'Yata, ki saurare ni. Azurfa ce ta gaske, Innarki ba ta yi ƙarya ba, yayanki ne bai sani ba. Amma na ɓata miki. Lambar nan da na ce ita ake nema, na cinye rabinta. Abin da ya rage zai iya zama tara, zai iya zama takwas."

Ta dubi kwandalar, ta dube shi. Fuskarta ba ta sauya ba.

"In takwas ce fa?"

"In takwas ce, ban rage miki komai ba sai ɗan kyan da ya saura. In tara ce, na cinye miki rufi."

"Masu na'ura ba za su gane ba?"

"Na'ura ƙarfe take gani. Ba ta ganin abin da aka goge."

"To yanzu wa ya sani?"

"Babu."

"Sai Allah," in ji mai aski daga ƙofa.

Ta murza bakin mayafinta. Wani ya sauko daga bene da gudu, ƙura ta zubo daga matakalar a kan gilashin. Baba Sikeli ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta tara masa jama'a. Da ta yi, da wataƙila ya ji wani abu. Ba ta yi ba. Wadda ta tona tokar ɗakin uwarta da hannu, da alama ba ta da sauran abin tashin hankali a kusa.

"Me zan ce wa Inna?"

"Ki ce mata tsohon da ya duba ne ya lalata."

"Ba za ta ji wannan ba. Za ta ce an kai, in ce an kai. Ta ce nawa, in yi shiru." Ta fara kwance wani ƙullin a ɗaya bakin hankicin. "Nawa ne ladan dubawa?"

"Subhanallahi. Mayar."

Ya naɗe kwandalar a 'yar takarda ya miƙa mata da hannu biyu, don bai amince da ɗaya ba. Ya ce kada ta sayar wa kowa a kan nauyi, ta mayar wa tsohuwa kayanta. Sannan ya ce ta ba mai aski lambar wayarta da kwatancen gidan.

"Na me, Baba?"

"Ki dai ba shi. Ki ce wa kafinta ya auna ɗakin."

Ta dube shi kamar za ta yi tambaya, sai ta ga ba ta da ƙarfinta. Ta karanta wa mai aski lambar, ta gyara mayafi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi. Tana sauri, da alama an bar mata tukunya a wuta.

Mai aski ya koma ya ƙarasa kan da ya bari. Baba Sikeli ya ninke jaridar mai jini ya jefa a kwando. Ya ɗauki magagarin ya rasa inda zai sa shi, ya tura cikin aljihun tebur. Ya ciro wayarsa, yana kallon yatsansa yana danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba? Lafiya? Ina kan aiki."

"Lafiya lau, Uwata. Mutumin nan mai wayoyi, har yanzu yana so?"

Yana jin hayaniyar masu karɓar magani a bayanta, wata tana cewa ita ta riga zuwa.

"Yana so. Me ya faru?"

"Ki ce masa ya zo ya ga katakon da gilashin. Abin da zai bayar kada ki sa shi a lissafin gida. Akwai kwanon rufi da zan saya."

"Rufin wa? Namu ne yake yoyo?"

"Ba namu ba."

"Baba, ban gane ba."

"In kin zo gida na nuna miki hannuna, za ki gane."

Ba ta ƙara matsa masa ba.

"Ka sha maganin rana?"

"Yanzu zan sha."

Ya ajiye wayar. Ko abin da mai wayoyin zai bayar zai kai rufin ɗaki ko rabinsa, bai sani ba. Ya zauna yana jiran baƙin ciki ya zo, don ya ga ya kamata ya zo. Ya dubi sikelin, ya dubi bangon da kafaɗarsa ta yi wa duhu saboda jingina, ya dubi 'yan kunnen nan marasa 'yan'uwa. Babu abin da ya motsa. Ya haɗiyi ƙwayar maganin da ruwan gora. Wani ya zo tambayar ko ana gyaran zip ɗin jaka, ya nuna masa gaba. Wata ta tsaya ta taya wani zobe, ta ce ya yi tsada, ta wuce.

Da la'asar mai aski ya kawo shayi kofi biyu ya zauna a kujera mai ƙafa uku da rabi. Ya ce na Baba Sikeli babu suga, kada a ce shi ya ƙarasa shi. Suka sha suna kallon titi.

"Mai wayoyi," in ji mai aski can. "Yanzu kiɗa zai cika min kunne daga safe har dare."

"Sai ka rage nasa kunnen."

"Kai dai ka riƙa zuwa aski. Kyauta ba zan yi maka ba, kada ka sa rai."

"Wa ya roƙe ka?"

Baba Sikeli ya rufe shagon a lokacin da ya saba rufewa. A hanyar gida ya tsaya wurin mai burodi ya zaɓi guda mai ɗumi, ya ce a yanka masa, ya tsaya yana jira.